Ƙashi mai nauyin dutse da kan mutum na yumɓu a kwazazzabo: yadda ake gane su da yadda ake riƙe su

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ruwan daminar bana ya zaizaye wani kwazazzabo a ƙarshen gonarmu, sai yara suka riƙa tsinto abubuwa a ciki. Akwai wani abu kamar ƙashin dabba amma nauyinsa na dutse, akwai duwatsu masu ƙyalli, wasu baƙaƙe wasu kamar zinariya, sannan akwai ɓallen kan mutum na yumɓu da tsingaro da yawa. Har yanzu ana hango wasu a jikin gaɓar, ba mu ciro ba. Wani ya zo ya ce zai saye su duka. Yaya zan gane ko mene ne, shekarunsu nawa, in wanke su ko in bar su, kuma ya halatta in sayar?"

Wa'alaikumus salam, Malam. In na fahimce ka, abu iri uku ne ke hannunka, kuma kowanne da masanansa. Ƙashin, in ya tabbata ya koma dutse, burbushin halittar da ta shuɗe ne. Duwatsun masu ƙyalli ma'adinai ne. Kan yumɓun da tsingaron kuwa aikin hannun mutane ne, wato kayan tarihi. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma kafin nan ga abin da ya fi gaggawa: waɗanda ke maƙale a jikin gaɓar nan, a bar su a inda suke. A hana yara zaƙulo su, kai ma kada ka sa musu fartanya. Su ne mafi daraja a cikin duk abin da ka lissafa, ko da a ido waɗanda aka riga aka kwaso sun fi su kyau.

Dalilin da ya sa wurin ya fi kayan

Ƙasa tana taruwa ne hawa-hawa. Abin da ya fara kwanciya shi ne a ƙasa, wanda ya zo daga baya yana samansa, sai fa in wani abu ya birkita jerin, kamar rami ko gara ko ambaliya. Idan mai bincike ya tarar da tukunya a kwance a mazauninta, yana duba hawan da take ciki, da launin ƙasar, da abin da ke kusa da ita: gawayi, toka, ƙonanniyar ƙwayar hatsi, kashin ƙarfe, duwatsun da aka jera. Daga waɗannan ne ake samun shekaru da labari. Da an ɗaga tukunyar an kai ɗaki, ta zama kamar wasiƙar da aka yage wa suna da kwanan wata. Ana iya karanta ta, amma ba a san daga wa take ba, balle yaushe aka rubuta.

Kayan Nok, wato gumakan yumɓu na wata tsohuwar al'umma a tsakiyar Najeriya, sun nuna haka ƙarara. An fara cin karo da su a 1928 wajen haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yau. A 1943 aka kawo wa Bernard Fagg, wani Bature mai binciken kayan tarihi, wani kai na yumɓu da aka samo a yankin Jama'a, wanda ya daɗe kafe a gona yana aikin mutum-mutumi. Fagg ne ya ga kamanninsu ɗaya da na farko, shi ne kuma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Amma da yake yawancin kayan farko daga tsakuwar da ruwa ya kwaso aka tsince su, an daɗe ana lalube a kan shekarunsu. Sai da masu bincike na Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, suka fara tono wurare masu yawa a tsanake daga 2005, suna auna gawayi da ƙonannen gero da suka tarar tare da kayan, sannan aka gane cewa al'ummar ta faro tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma gumakan yumɓun sun bayyana ne wajen 900 kafin haihuwarsa. Wannan sani ya fito ne daga ƙwayar geron da mai tonon sata ke watsarwa da shebur.

Haka kwalekwalen Dufuna a jihar Yobe. Wani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, a zurfin wajen mita 5. Da ya ga itace ne da aka sassaƙa sai ya dakata, labari ya kai ga hukuma. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka fito da shi a 1994. Tsawonsa ya haura mita 8, an sassaƙa shi daga madaci, awo kuma ya nuna ya kai shekara 8,000, yana cikin kwalekwale mafi tsufa da aka sani a duniya. Da an jawo shi an shanya a rana, da cikin 'yan kwanaki ya tsattsage ya kanannaɗe, domin itacen da ya daɗe a cikin laima ruwan ne ke riƙe da siffarsa.

A wurinka akwai ƙarin matsala. Kwazazzabo yana yanka hawa da yawa a lokaci guda, ruwa ya kwaso na sama da na ƙasa ya zube su wuri ɗaya. Don haka kasancewar an tsinci ƙashin da kan yumɓun a tare ba ya nuna zamaninsu ɗaya. Tsakaninsu na iya zama shekara ɗari, yana kuma iya zama shekara miliyan 70.

Ƙashin

Ƙashi yana komawa dutse ne idan laka ko yashi sun binne shi da wuri, kafin ya ruɓe ko dabbobi su watsa shi. Ruwan da ke ratsa ƙasa yana ɗauke da ma'adinai a narke, yana shiga 'yan ƙananan ƙofofin ƙashin yana ajiye su, har su cike. Shi ya sa yake nauyi, launinsa kuma ya bi ma'adinin da ya shige shi: ja ko ruwan ƙasa in ƙarfe ne, baƙi in manganis ne.

Ka duba inda ya karye, ba bayansa ba. Ƙashi na gaske yana da ɓawo mai santsi a waje, cikinsa kuma saƙa-saƙa ne mai ƙananan ramuka, ko da ramukan sun cike da wani abu mai launi dabam. Dutsen da kawai ya yi kama da ƙashi, cikinsa da wajensa iri ɗaya ne, ko kuma ka ga zobe-zobe a kewaye da tsakiya. Irin waɗannan dunƙulallun duwatsu da marmara su ne suka fi yaudarar mutane, kuma a aikinmu mafi yawan abin da ake kawowa da sunan ƙwan dabbar da ko ƙashinta su ne. Ka jiƙa yatsa ka taɓa wurin karayar: ƙashi yakan ɗan kama yatsa saboda ƙofofinsa na tsotse laima. Wasu da harshe suke wannan gwaji, amma ban ba ka shawarar haka ba tunda akwai ma'adinai a wurin da ba a san ko mene ne ba. Sannan ka ƙona allura ta yi ja ka dangwala a wani lungu da ba ya cikin gani. In ya yi ƙaurin ƙonannen gashi, ƙashin bai daɗe ba. In bai yi ƙauri ba, ya tsufa, sai dai hakan bai ce shekara nawa ba, don ƙashin saniya ma yana iya baƙi ya yi nauyi in ya shekara ɗaruruwa a ƙasa mai ƙarfe.

Abin da zai fi raba gardama shi ne irin dutsen da ke ƙarƙashin yankinku. Burbushin halittu ana samunsa ne a duwatsun da suka samu daga laka da yashi da suka kwanta a ruwa. Inda ƙasa ke kan fa da manyan duwatsu masu tauri, kamar yawancin Kano da Zariya da tsaunin Jos, ba a sa ran samunsa a cikin dutsen, domin dutsen daga narkakken abu ya daskare ko zafi ya sauya shi. Amma kwarin Sakkwato, da kwarin Binuwai, da na Cadi, da arewacin Nijar, labari ne dabam. Wajen shekara miliyan 70 da suka wuce teku ta ratso Sahara ta malale yankin Sakkwato. Shi ya sa ake samun haƙoran kifaye da ɓawon halittun ruwa a wuraren Wurno da Dange da Kalambaina, inda ake fasa dutsen farar ƙasa don siminti. Akwai ma wata babbar dabbar teku mai kama da ƙadangare da aka sa wa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. A mahaƙar dutse ta Ashaka a jihar Gombe kuma ana samun wasu halittu masu naɗaɗɗen ɓawo kamar ƙahon rago, su ma na teku.

A Nijar abin ya fi haka girma. A Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere, Philippe Taquet ya tono Ouranosaurus, ɗaya daga cikin manyan dabbobin da suka shuɗe da ake kira dinoso, a shekarun 1960, wanda ake nuna ƙwarangwal ɗinsa a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Daga can ne kuma aka samo Sarcosuchus, wani kada da tsawonsa ya haura mita 9, da Nigersaurus, shi ma dinoso ne mai haƙora wajen 500, wanda Paul Sereno ya sa wa suna a 1999. Shekarun waɗannan sun kai miliyan 110.

Irin wannan tsufa ba a auna shi da awon kabon da aka yi wa kwalekwalen Dufuna. Kabon-14, wani sinadari da ke jikin duk abu mai rai, bayan mutuwa yana raguwa da rabi duk shekara 5,730, bayan wajen shekara 50,000 kuma abin da ya rage ba ya aunuwa. Burbushin da ya wuce haka ana gane zamaninsa ne daga hawan dutsen da yake ciki, da sauran halittun da aka san zamaninsu a hawan, da tokar aman wuta in an yi sa'a akwai. Ka ga a nan ma sai an san daga ina ya fito.

In akwai sauran ƙashi a gaɓar, kada a ja shi. Yana da nauyin dutse amma ba shi da ƙwarinsa, sau da yawa a tsattsage yake tun a ƙasa, ƙasar ce ke riƙe da shi. Yadda ake ciro shi: a haƙa rami a kewaye, a bar shi zaune a kan ƙasarsa, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙiyar takarda mai laushi don kada filasta ta manne masa, a tsoma yankakken algarara a kwaɓaɓɓiyar filasta a naɗe shi hawa 3 zuwa 5, a bari ta bushe, sannan a yanke ta ƙasa a kifa shi gaba ɗaya a rufe ɗaya ɓangaren. Wanda bai saba ba, a wajen kifawar nan yake asara, komai ya zube ta ƙasa.

Duwatsun masu ƙyalli

Nan ne kai da kanka za ka iya yin aiki mai yawa, don ma'adini ba ya lalacewa da gwaji kamar sauran. Launi kaɗai ba ya isa. Abu huɗu ake dubawa: tauri, launin garinsa, nauyinsa a kan girmansa, da yadda yake fashewa.

Tauri ana auna shi da ma'aunin Mohs, daga 1 zuwa 10. Farce yana wajen 2.5, wuƙa da gilashi wajen 5.5, farin dutsen nan mai kama da ƙanƙara yana 7, lu'ulu'u 10. Abin da ya karci wani ya fi shi tauri. Bayan ka karta, ka goge wurin da yatsa ka sake dubawa, domin sau da yawa abin da ake zaton kartuwa ce gari ne kawai mai laushin ya bari a kan mai taurin.

Launin gari kuwa, ka goga dutsen a bayan farin tayil, inda ba a shafe da ƙyalli ba. Zinariya tana barin layi rawaya. Dutsen da ya fi yaudarar mutane da kamar zinariya, wanda masana ke kira firit, yana barin layi baƙi mai ratsin kore, yana kartar gilashi, in an buga shi da guduma ya farfashe. Zinariya wuƙa tana yankarta, in an buga ta sai ta baje. Akwai kuma wani mai ƙyalli da ke ɓarewa falle-falle, marar nauyi, wanda ke cika rairayin rafi. Shi farce ma yana ɓare shi.

Nauyi a kan girma shi ne gwajin da na fi amincewa da shi, kuma ƙaramin sikeli mai auna giram ya isa. Ka auna dutsen a bushe ka rubuta. Ka ɗora kofin ruwa a kan sikelin ka mayar da shi sifiri. Ka ɗaure dutsen da zare ka tsoma shi har ya nutse, ba tare da ya taɓa gindin kofin ko gefensa ba, ka rubuta abin da sikelin ya nuna. Sai ka raba lamba ta farko da ta biyu. Misali dutse mai giram 140 da ya nuna 20 a ruwa, amsarsa 7. Duwatsun gama-gari suna tsakanin 2.5 da 3, firit wajen 5, kuza wajen 7, dutsen tozali wajen 7.5, zinariya tsantsa 19.3. Kuskuren da aka fi yi shi ne gwada dunƙulen da ya haɗa ma'adini da dutsen da ya kewaye shi, sai amsar ta faɗo tsakiya ta rikita mutum. A ɓallo tsantsarsa tukuna.

In amsar ta zo kusa da 7, kuza da tozali ake zargi, kuma raba su ba wuya. Tozali yana da laushi, wuƙa na kartarsa cikin sauƙi, yana fashewa murabba'i-murabba'i, garinsa toka-toka ne. Kuza tana da tauri, wuƙa ba ta kama ta, garinta fari-fari ne ko ruwan ƙasa mai haske. Wanda mayen ƙarfe ya ja da ƙarfi tama ce. Wanda ya yi kumfa da aka ɗiga masa ruwan khal dangin farar ƙasa ne.

A yi hattara da mai kama da tozalin nan, dalma ce a cikinsa. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a jihar Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje, ƙurar ta shiga ƙasar da yara ke wasa. Kada a daka kowane dutse a gida, kada a bar yara su sa a baki, a wanke hannu bayan an taɓa.

Baƙaƙen kuma akwai abin lura. In ka ga dunƙule baƙi mai ramukan kumfa, samansa kamar abin da ya narke ya malala, wannan kashin ƙarfe ne, ragowar narkar da tama. Mutane kan ɗauka dutsen da ya faɗo daga sama ne, amma na sama ba ya da ramukan kumfa. Irin na saman yana faɗowa, kamar wanda ya faɗi a Zagami ta ƙasar Katsina a 1962, mai nauyin wajen kilo 18, da aka tabbatar daga duniyar Mars ya fito, sai dai da wuya ƙwarai. Kashin ƙarfe ba ma'adini ba ne, kayan tarihi ne, kuma in yana da yawa tare da tsingaro to akwai alamar kufai ne da aka yi ƙira a cikinsa. A Taruga, wani kufai na Nok, irin wannan shaida ce ta nuna mutanen Nok sun narka tama.

Kan yumɓun da tsingaron

Kada ka wanke. Tsohon yumɓu ba a gasa shi da wuta mai ƙarfi sosai ba, kuma bayan ƙarnoni a ƙasa ya sha gishirin ƙasa. In aka jiƙa shi gishirin ya narke, in ya bushe gishirin ya sake daskarewa a ƙarƙashin fatar ya tunkuɗe ta, sai ka ga fuskar tana zubewa gari-gari. Burushi mai tauri kuma yana kankare siririn shafen da maginin ya yi masa. Ban da haka, ƙasar da ke maƙale a ciki da baƙin da ke gindin tsingaro suna da amfani: daga su ake gano abin da aka dafa, wani lokaci har da shekaru. A bar shi ya bushe a hankali a inuwa. In dole ne, a kaɗe ƙurar sama da burushi mai laushi, shi ke nan.

Kada kuma ka liƙa. Gam mai kamawa nan take da siminti da gam ɗin katako duk suna shiga cikin yumɓun, ba sa fita sai da ɓarna, in aka sake karyewa kuma sabon wuri ne ke ɓallewa. Masu adana kayan tarihi suna amfani da wani gam na musamman mai suna Paraloid B-72 da ake narkarwa a wani ruwan sinadari da ake kira asiton, wajen giram 5 a mililita 100 don ƙarfafa abin da ke marmashewa, mai kauri sosai kuma don liƙi. Amfaninsa shi ne ana iya sake narkar da shi a warware aikin. Ko shi ma ba a sa shi a kan abu mai laima, yakan yi fari, kuma ba a sa shi kafin a ɗebi samfurin awo.

Game da ko na wace al'umma ce, ga alamun Nok: idanu masu kusurwa uku ko rabin da'ira, an huda ƙwayar idon, sau da yawa har hanci da kunne da baki, gyaran gashi mai ado, cikinsa rami ne don da naɗin yumɓu aka gina shi, yumɓun kuma mai tsakuwa-tsakuwa. Amma ba Nok kaɗai ta yi gumakan yumɓu ba. Akwai salon da ake dangantawa da Sakkwato, da na Katsina, da na Bura a yammacin Nijar, da na Sao a gefen tafkin Cadi. Tsingaron da kake gani kamar shara sau da yawa ya fi kan faɗin gaskiya, musamman na bakin tukunya da mai zane, domin salon zane yana sauyawa daga zamani zuwa zamani. In ka ga gatarin aradu, ko dutsen niƙa, ko duwatsun wuya, su ma na cikin lissafi.

Ana iya auna lokacin da aka gasa yumɓu ta hanyar huda shi a ɗebi ɗan gari a dumama a ɗakin bincike, a auna hasken da yake fitarwa. Awon yana da faɗin kuskure, yakan kai ɗaruruwan shekaru, kuma ya fi inganci in an haɗa da ƙasar wurin. Dumama kayan a wuta yana goge wannan shaida gaba ɗaya, don haka kada a kai shi kusa da murhu da sunan busarwa.

In ƙarfe ya fito, a ajiye shi a bushe ƙwarai, kada a kankare tsatsar ko a shafa mai. Tagulla da ta fara fitar da gari kore mai haske tana cin kanta ne, tana bukatar gwani da wuri. Itace ko fata da aka tarar a jiƙe a bar su a jiƙe, a naɗe a leda. In kuwa ƙashin mutum ne ya bayyana, a dakatar da komai a rufe, a sanar da mai gari da 'yan sanda.

Abin da za ka rubuta tun yau

Ka ɗauki hoton kwazazzabon daga nesa yadda za a gane wurin, sannan daga kusa, da abin awo a gefen kowane abu da ke jikin gaɓar. Ka auna zurfinsa daga saman ƙasa, ka rubuta launin hawan da yake ciki da na sama da na ƙasa da shi. Ka ɗauki lambobin wurin da GPS na waya. Waɗanda aka riga aka kwaso, ka tambayi yaran inda kowanne ya fito tun ba su manta ba. Kowane abu da ledarsa ko kwalinsa, a naɗe da takarda mai laushi, da 'yar takarda a ciki mai lamba da kwanan wata da wuri, a rubuta da fensir don biro yana zuba in ya ji laima. Kada a rubuta a jikin kayan. Kada a ɗaure leda a kan yumɓun da bai gama bushewa ba, zai yi fumfuna. Auduga ma ba ta da kyau, zarenta na kama wuraren da suka ɗago. Hotunan kuma kada a watsa su a Facebook tare da sunan wurin, domin masu tonon dare suna bin irin wannan.

Maganar sayarwa

A Najeriya, dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ce wanda ya gano kayan tarihi a ƙasa ya sanar da hukumar cikin kwana 7. Ta hana sayar da su ga kowa sai wakilin da hukumar ta amince da shi, ta hana tono ba izini, ta kuma hana fitar da su waje ba takarda. Ma'adinai kuwa, tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007 sun sa su a hannun Gwamnatin Tarayya, ko da a gonar mutum suke, haƙarsu sai da lasisi. Nijar ma tana da dokarta ta kare kayan gado ta 1997. Tun shekara ta 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa gumakan Nok da na Sakkwato da Katsina da Bura a jerin kayan da ake gargaɗin kada a saya, saboda yawan satarsu.

Ra'ayina game da mai sayen nan: ba abin da ke hannunka yake so ba, wurin yake so ya sani. Abin da ya saba biyo baya shi ne ramuka a ko'ina cikin gona, a farfasa duk abin da ba zai sayu ba, a bar mai gona da ƙasar da ba ta nomuwa da kuma laifin da doka za ta ɗora masa. Ka kai rahoto gidan tarihi na ƙasa mafi kusa da kai, akwai a Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato da Maiduguri, ko sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Duwatsun da ƙashin kuma sashen ilimin ƙasa na kowace jami'a ko Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya za su iya dubawa. Ka tafi da hotuna da takardar bayani, ka sanar da mai gari don ya san da maganar, kuma duk abin da ka miƙa a ba ka shaidar karɓa a rubuce mai sa hannu da hatimi. Gaskiya ita ce hukumomin nan ba kullum suke da kuɗin zuwa da wuri ba, sai ka yi ta bibiya. Kafin su zo, in damina ba ta ƙare ba, ka tare ruwan daga sama da buhunan yashi, ka rufe abin da ya fito a gaɓar da ƙasa mai laushi.

Daga bayanin baki ba wanda zai iya ce maka ƙashin nan na wace dabba ne ko kan nan shekararsa nawa, kuma duk wanda ya yanke maka hukunci daga hoto ɗaya ka yi taka-tsantsan da shi. Abin da hoto zai iya yi shi ne rage zato. Don haka in za ka aika wa masani, ka ɗauki kowane abu ta fuska uku a hasken rana ba filasha ba, da abin awo a gefe, ka ƙara hoton wurin karaya na kusa, ka haɗa da nauyinsa a bushe da a ruwa, da launin garin da ya bari a tayil, da sunan ƙaramar hukumar da aka same shi don a duba taswirar duwatsun yankin.